Abin Da Na Cire Daga Wuyan Mama

Zuwa ga ƙanena Iliya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Allah ya kai ka Bur Sudan lafiya, ya tsare motar da mai tuƙa ta, ya saukar da kai a hannun mutanen kirki.

Zan fara da abin da ya fi nauyi, don na san halina, in na bar shi zuwa ƙarshe ba zan faɗa ba. Iliya, ba ƙwace gawar Mama aka yi ba. Babu wanda ya danne ni, babu wanda ya rufe mini baki. Ni ce na kwance gicciyen wuyanta da hannuna, tana da rai, a ƙofar gidan Hajja Zainab a Omdurman, don kada su gani. Da ta cika suka yi mata wanka irin nasu, suka kai ta maƙabartarsu, ina zaune ina kallo. Abin da na gaya wa Baba da kai da Fasto, wai na yi ta ihu ba su saurare ni ba, ƙarya ce. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko Allah da ya ga komai ban taɓa faɗa masa da bakina ba.

Mama ce ya kamata ta rubuta maka irin wannan takarda. Ba ta nan. Baba kuwa ka san shi, maganarsa duk ta ƙare a kan taya da man birki. Saura ni, wadda ta girme ka da shekara huɗu kawai, amma ni ke wanke maka riga, ni ke duba kunnenka kafin mu tafi sujada. To ka haƙura da uwar da ta rage maka, ko da ba ta da kyau.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganarku ta jiya a rakuba, rumfar tsakar gida. Ina gasa kisra, wainar dawarmu, ina jin ku. Baba ya ce, "Sunanka Iliya, babu mai tambayarka komai. Usta Haruna mai garejin ya san ko kai waye, yaran garejin ba sai sun sani ba. Ka yi shiru ka koyi aikinka." Kai kuma ka ce, "Shiru kam zan yi, amma wallahi ba zan sa hannu kwano ɗaya da su ba, bayan abin da suka yi wa Mama." Kisra ta ƙone a hannuna. Shirun da za ka yi na san inda yake kai mutum, don na bi shi har ƙarshe. Ƙiyayyar da za ka tafi da ita kuma ni na dafa maka ita, na ba ka ka ci.

Kai yaro ne lokacin, bari in gaya maka yadda abin ya fara. Ka san Mama takan sayi tsofaffin takardu don ƙunshin gyaɗa da tasali, soyayyun 'ya'yan kankana, a kasuwar Suk al-Shabi. Wata rana cikinsu na tsinci littafin soyayya na Kano, babu bango, babu ƙarshe. Ina zaune bayan farantin Mama ina karantawa, sai wata yarinya lulluɓe da jan tob ta tsaya a kaina ta ce, "Ke, wannan Ingilishi ne?" Na ce Hausa ce. Ta ce, "Hausa ana rubuta ta da wannan? Karanta in ji." Na karanta mata layi biyu, ta dafe ƙirji. Ita ce Nafisa, 'yar Hajja. Kakanninsu sun daɗe a Omdurman, suna jin Hausa amma Larabci kaɗai suke karantawa. Wanta Tijjani yana fatauci, ya taɓa kawo musu irin littattafan nan daga Kano, suna ajiye a kabad babu mai iya buɗe su.

Haka na zama mai karatun gidan Hajja duk ranar Juma'a da rana. Mata su cika tsakar gida, a kawo gahawar jabana da turare, a sa ni tsakiya. Ni da ba na iya ɗaga ido in gai da mutum, sai ga ni ana cewa, "Ku yi shiru, Hannatu za ta fara." In saurayin littafin ya yi ƙarya Hajja ta tafa hannu ta ce, "Allah ya isa, ɗan banza! Ci gaba, ya bitti, 'yata." Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, ba zan ɓoye maka ba. Hajja ta tambaye ni inda na koyi karatun. Gaskiyar ita ce a cinyar Mama na koya, da Maganar Allah da littafin waƙoƙin sujada. Na ce mata a makaranta. Wannan ce ta farko, kuma ƙarama ce ƙwarai, ko zafinta ban ji ba.

Ka san yadda muke a ƙasar nan. Duk wanda ya ji Hausa a bakinka ya gama yanke hukunci kai Musulmi ne, ba ya ma tunanin tambaya. Sunana Hannatu, na Mama Maryamu, kaina a rufe kamar na kowa saboda 'yan sandan da ke kama mata a titi. Ba sai na yi ƙarya ba, sai dai in bari kawai. In an kira la'asar sai in ce ina da uzuri. Nafisa ta fara tsokanata, "Ke kam kullum cikin uzuri, ko sai mun kai ki wurin likita?" Mata suka yi dariya. Juma'ar da ta biyo na bi bayansu na tsaya a sahu. Na girma cikin maƙwabta, na san yadda ake yi. Ban ce komai a zuciyata ba, ban yi tasu ba, ban yi tamu ba. Na raina Allahna, na kuma raina sallarsu a lokaci ɗaya.

Mama ta taɓa tambayata a cikin mota, "Sun san ko ke 'yar waye?" Na ce sun sani. Ta ce, "To madalla. Mutumin da ya san ka ya kuma ba ka ruwa, ka riƙe shi."

Shawarata ta fari ke nan, Auta. Ka faɗa da wuri. Ranar farko, tun ba ka da abin da za ka rasa. Ba na ce ka hau kan mota ka yi wa'azi ba, ba kuma na ce ka yi gardama da kowa ba. In an kira salla aka ce ka taso, ka ce, "Ni Kirista ne, ku je, zan tsare muku kayan aiki." Shi ke nan. Za su yi mamaki, wani zai ce Bahaushe kuma, wani zai yi maka kallon banza. Ranar farko maganar ba ta da nauyi. Duk ranar da ka ƙara tana ƙara nauyi, har ta kai ba ka iya ɗaga ta. Baba yana son ka, tsoro ne ya sa ya ce ka yi shiru. Kada ka yi masa rashin kunya, amma a wannan kada ka bi shi.

Yanzu sai in faɗi abin kunyar. Ba don jabana da dariya kaɗai na yi shiru ba. Tijjani ne. Yakan wuce ta tsakar gida da jallabiyarsa fara, ya ce, "Sannu mai karatu," ya shige. Iyakar abin ke nan. Amma ni a kaina na riga na gina gida, na zaɓi labule, na raɗa wa 'ya'ya suna. A littattafan nan duk wanda ya ce sannu sau biyu, a shafi na gaba ya kasa cin abinci. Na ɗauka haka rayuwa take. Ka yi dariya in kana so, ni ma da wata ce da na yi.

Ranar nan Baba yana hanyar Kosti da lori, kai kana makaranta. Zazzaɓin Mama ya ƙi sauka, ta fara magana ba kai. Na kai ta asibiti a Omdurman don an ce akwai likitan kirki, muka zauna a baranda tun safe, aka ce babu gado, mu dawo gobe. Rana ta take, Mama ba ta iya tsayuwa, unguwarmu Mayo kuma sai an hau mota biyu. Gidan Hajja ne kusa. A ƙofa na jingina ta da bango, na ga bakin zaren nan ya fito daga wuyan rigarta, da ɗan gicciyen katako da ta zo da shi tun daga gida Najeriya. Na sa hannu. Ta buɗe ido ta ce, "Hannatu, me kike yi?" Na ce, "Zaren yana shaƙe ki, Mama." Ta ce, "To." Ta yarda da ni, Iliya. Ta ma ɗan sunkuyar da kai don in ji sauƙin cirewa.

Abin da suka yi mata a gidan nan, ko 'yar'uwarsu iyakar abin da za su yi ke nan. Hajja ta ba ta gadonta. Ta jiƙa tsumma tana goga mata goshi, tana cewa, "Sannu Maryamu, sannu 'yar'uwa." Nafisa ta fita da gudu neman mai allura. Kafin la'asar Mama ta tafi. Hajja ta rungume ni ta ce, "Ina babanki?" Na ce yana tafiya, ba a san ranar dawowarsa ba. Ta ce, "Kuna da dangi kusa?" Na ce babu. Ta ce, "To mu ne danginki. Ba za mu bar ta ta kwana cikin zafin nan ba." Nan ne wurin. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa. Na ɗaga kai, na hango Tijjani a zaure yana naɗe hannun riga zai tafi haƙa kabari, sai na mayar da kaina ƙasa. Likkafanin da Hajja ta ajiye wa kanta shi aka sa mata. Maza suka jeru suka yi mata salla, kafin magariba sun dawo.

Babu wanda ya rera mata waƙa ko ɗaya. Mama, wadda ba ta iya wanke kwano ba tare da waƙar sujada a bakinta ba. Matan zumunta da ta yi shekaru tana raka nasu matattun, ba su san ma ta mutu ba sai washegari. Gicciyen kuwa, a kan gada na jefa shi ta tagar mota ya faɗa kogi, don kada Baba ya gan shi a hannuna ya tambaye ni.

Ka tuna ranar da Hajja ta zo gaisuwa Mayo? Kai ka tuna ta a matsayin ranar da ka yi jarumta, ka shure tiren sukari da shayin da ta kawo, Baba ya ce ta fitar masa daga gida, ɓarayin gawa. Ga abin da ba ka gani ba. Kafin ta shiga ta same ni a bayan katanga. Ta riga ta ji labari a bakin titi. Ta ce, "Ya bitti, me ya sa ba ki faɗa ba? Da mun aika an kira mutanenku. Kin sa mun yi wa baiwar Allah abin da ba ta roƙa ba." Ta shiga, Baba ya zazzage mata duk abin da na gaya masa, wai na yi ihu sun toshe kunne. Ta juyo ta dube ni. Na jira ta tona. Ba ta tona ba. Ta durƙusa da tsufanta ta tsince sukarinta daga ƙasa, ta ce, "Malesh, Allah ya ba ku haƙuri," ta tafi. Matar da kake zagi duk safiya, ita ta ɗauki laifina ta tafi da shi Omdurman don kada ubana ya tsine mini. An koya mana cewa Ubangiji ya ɗauki laifin da ba nasa ba, bai buɗe baki ba. Na ji wannan a coci tun ina ƙarama, amma wurin da na gan shi da idona, a jikin Hajja ne. Wannan ya fi komai ƙona ni.

Saboda haka ka ci abinci da su. Ka sa hannu a kwanon wakensu na ful, ka karɓi shayi, in azuminsu ya zo kada ka sha ruwa a gabansu, in sun shimfiɗa tabarma a titi don buɗa baki suka kira ka, ka zauna. Akwai masu mugunta, ban ce babu ba. Na ga ranar da aka turo katafila ta rushe rumfar cocinmu, na ga sojan da ke dariya yana taka bencinmu. Amma ka san mai laifi da sunansa, kada ka ɗora wa duk wanda ya yi alwala. In kana neman wanda za ka ƙi saboda Mama, ga ni, kusa nake.

Tijjani kuwa, in kana son sani, ya auri 'yar kawunsa. Na haɗu da shi sau ɗaya a tasha bayan haka, ya ce, "A'a, Hafsatu, kwana biyu." Ko sunana bai riƙe ba. Don wannan na sayar da jana'izar uwata. In wata rana ka ga yarinya zuciyarka ta buga, ba laifi ba ne, Allah ne ya yi mu haka. Amma ka tambayi kanka ko ita kake so ko wadda ka ƙera a kanka. Kuma duk son da sai ka ɓoye uwarka ko Ubangijinka kafin ka shiga ƙofarsa, ka juya tun daga bakin titi.

Akwai wani laifin, shi ma na girman kai. Ka san Mama Roda, Banubiyar nan mai shara a coci, wadda haƙoranta na gaba suka zube. Da, in na hango ta a kasuwa sai in canja hanya, don kada Hausawa su gan ni da ita su gane. Mu da Larabawa ke kira Fallata suna toshe hanci, ni ma na samu wadda zan toshe wa hanci. To ita ce ta zo ta kwana uku a ɗakinmu bayan rasuwar, ta yi maka wanka da kake zazzaɓi, ta tsefe mini kai. Wata Lahadi ta lura ba na zuwa cin Jibin Ubangiji, ta kama hannuna a waje ta ce da Larabcinta mai karkata, "Ke 'yar Maryamu, teburin nan ba na masu tsabta ba ne, na masu yunwa ne. Kina tsammani mu da muke zuwa mun fi ki wanka?" Na fizge hannuna na tafi. Har yau ban je ba. Kai kada ka yi haka. In ka isa Bur Sudan ka nemi masu bi, ko a ƙarƙashin buhu suke taruwa, ko ba ka jin yarensu. Wasu za su yi maka kallon ɗan leƙen asiri saboda kai Bahaushe ne, mun saba. Ka ci gaba da zuwa, ka ɗauki benci, ka share ƙasa, za su gaji su karɓe ka. Lahadi ranar aiki ce, na sani. Ka roƙi Usta tun farko ya ba ka safiyar, ka biya shi da Juma'a. Mutum ɗaya ba ya iya riƙe bangaskiya shi kaɗai a ɗaki. Na gwada, ta bushe a hannuna.

Addu'a kuma, kada ka jira sai ka zama mutumin kirki. Ni tun ranar nan nake durƙusawa kusa da kai ina motsa baki, ba abin da ke fita. Ina tsoron in na fara zan kai ga wurin nan. Fasto ya yi wa'azi a kan manzon nan da ya yi musun Ubangijinsa a bakin wuta saboda tambayar wata baiwa, na ji kamar da ni yake. Amma shi a ranar ya fita ya yi kuka, aka kuma mayar da shi. Ni na share ido na ƙara ƙarya a kan ƙarya. In ka faɗi, kuma za ka faɗi don kai ɗan Adam ne, ka faɗa a ranar. Ka gaya wa Allah da baki, ka gaya wa wanda ka cuta.

Baba ma ka riƙa aiko masa da saƙo ta hannun direbobi, ko gaisuwa ce kawai. Na daɗe ina jin haushinsa don ba ya nan ranar, kamar shi ya aike ni in yi abin da na yi. Nakan ajiye masa abinci ba tare da na dube shi ba. Ran nan na same shi zaune da tsohon tob ɗin Mama a cinya, ya ce, "Ko kabarinta ban san inda yake ba, Hannatu." Ni na sani. Nafisa ta nuna mini. Ban faɗa masa ba, don in na san wurin, zai tambayi yadda aka yi masu ƙwace suka nuna mini.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sha ruwan da ba ka ga inda aka ɗebo ba, ruwan can an ce da gishiri. Kada ka ɗauki ko ƙusa ɗaya ta gareji ba da izini ba, don ranar da abu ya ɓata kai za a fara kallo, kuma ba sunanka kaɗai za a kira ba, har da na Wanda kake bi. Ka daina rantsuwa a kan kowace magana. Ka yanke farce, kai ƙazami, babu Yaya a can da za ta bi ka da reza. Na mare ka sau da yawa a shekarun nan a kan abin da bai kai ba. Ba kai nake mari ba. Ka yafe mini wannan ko da ba ka iya yafe babban ba.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka. Ya tsare ka daga masu kamen samari a tasha don aikin soja, daga zazzaɓi, daga mugun aboki, daga tsoron mutane. Ya ba ka hannu mai aiki da baki mai gaskiya. Ya sa ka fi yayarka. Ni kuma, in akwai sauran jinƙai, ya tuna da ni. Amin.

Na yi niyyar in cusa takardar nan a ƙasan jakarka, ƙarƙashin bargo, don sai ka isa can ka gan ta, ni kuma ina nesa ba ka iya kallon fuskata. Har na buɗe jakar. Sai na ga ai wannan ma ɓuya ce, irin tawa. Motarka sai jibi. Yanzu kana waje kana wanke takalmi, ina jin ka kana fito. Zan fito in miƙa maka a hannu, in zauna a kan bulo har ka gama, na san karatunka a hankali yake. In ka gama, ko ka kira ni Yaya ko kada ka kira, zan roƙe ka abu ɗaya. Ka tsaya kusa da ni in Baba ya dawo, don shi ba ya karatu, da baki zan gaya masa.

Taka,
Hannatu